Na Kai Ƙanena Masar a Ɗauki Hoton Ƙwaƙwalwarsa

Tun da muka dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A makarantar da nake koyarwa nan Daura, da an tashi tara sai malamai su kewaye ni: "Malama Binta, wai da gaske akwai na'urar da ke leƙa cikin kan mutum ta faɗi ciwonsa?" A gidan biki haka, a gidan suna haka. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tafi da rabi ya ƙara nasa. Ran nan wata ta ce ta ji an buɗe kan ƙanena an wanke an mayar. Shi ya sa na zauna in rubuta shi daga farko. Na nemi izinin Nasiru, tunda ciwonsa ne, ya ce in rubuta amma kada in rage komai.

Nasiru shi ke bi na, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai walda ne a hanyar tasha, ƙofofi da tagogi yake ƙerawa, kuma duk wanda ya san aiki a garin nan ya san hannunsa. Shekara huɗu da suka wuce ciwon ya soma. Sai ya yi kwanaki bai runtsa ba, magana ba tsayawa, yana cewa an ba shi aikin ƙera ƙofar da za ta rufe Daura gaba ɗaya, kuma yana jin muryar wanda ya ba shi aikin. Bayan wani lokaci sai ya faɗi kamar an zare masa laka, ya yi wata biyu ko ƙofar gida bai leƙa ba.

An yi ruƙiyya, an yi rubutu, daga baya muka kai shi asibiti. Likitan farko a Katsina ya ce ciwon da ake kira sikizofreniya ne, wanda ke sa mutum jin muryoyi da yarda da abin da babu shi. Ya ba shi magani, muryoyin suka lafa, amma jikinsa ya yi nauyi, hannunsa na rawa, bai iya riƙe kan walda. Likita na biyu a Kano ya ce shi yana ganin baifola ne, ciwon da ke ɗaga mutum sama ya kuma sauke shi ƙasa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne gaba ɗaya. Ya ce a ba shi lokaci ya lura da shi.

Lokacin ne ba mu da shi. Surukin Nasiru, Alhaji Sale, manomi ne a Babban Mutum. Ya zo da kansa ya tafi da 'yarsa Zulai da yaranta biyu. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malama, ni ban ce a rabu ba. Amma likita biyu, suna biyu. Ku gaya mini abin da ke damun yaron nan, in san inda na ajiye 'yata."

A cikin wannan hali na ji wani shiri a rediyo, ana cewa masana na nazarin hoton ƙwaƙwalwa don bambance waɗannan cututtuka biyu. Na koma wa likitan Kano da maganar. Ya ce akwai na'urar a Kano ma, amma ba za ta raba wannan gardama ba. Ni kuwa na riga na sa abin a raina. Na ce ai tasu ta can ta fi tamu ido. Wata ƙawata da ta kai mijinta aikin ƙashi a Alƙahira ta haɗa ni da matar da ta sauke su, aka yi mana takardu, muka sa rana.

Ranar tafiya Inna ta ɗaura wa Nasiru laya a damtse, ta cika mini jaka da kilishi da yaji da daddawa, kamar can ba a cin abinci. Muka biya shago ya miƙa makulli ga maƙwabcinsa Oga Emeka, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya fi shekara ashirin a Daura. Ya riƙe hannun Nasiru ya ce mini, "Malama, ku je ku dawo, shago yana hannuna. Wannan ba mahaukaci ba ne, ni na san shi. In yana lafiya, babu mai hankali kamar shi a layin nan."

Motar da muka shiga a tasha ta kai mu har gaban Kazaure, sai salansa, bututun hayaƙin motar, ya faɗi, yana jan ƙasa yana ƙara. Direba ya sauka yana ta zagaya mota yana salati. Nasiru ya fito ya leƙa ƙasan motar ya ce, "Akwai waya?" Aka samo. Da hannunsa mai rawa ya ɗaure salansan, ya kakkaɓe wando ya koma mazauninsa. Wani dattijo a kujerar gaba ya juyo ya ce, "Allah ya yi albarka, injiniya." Na ga bakin Nasiru ya motsa kamar zai yi murmushi. Ta Ɗambatta muka wuce, muka shiga Kano da rana tsaka.

Jirgi ban taɓa shiga ba sai ranar. Da ya ɗaga na kama hannun kujera na karanto duk addu'ar da na sani. Nasiru kuwa ƙusoshin fiffike yake kallo ta taga. Ya ce, "Yaya, dubi aiki. Ko ɗaya bai kauce ba."

A filin jirgin Alƙahira aka buga mana hatimi ba matsala, sai wajen binciken kaya. Ma'aikacin ya buɗe jakata, ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci. Ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya sansana, suka hau Larabci da sauri-sauri. Larabcin Islamiyyata bai yi mini rana ba ko kaɗan. Na ce "ɗa'am, ɗa'am," wato abinci, ina nuna bakina. Suka dube ni, suka dubi daddawar, ɗayan ya girgiza kai kamar yana tausayina. A ƙarshe suka bar mini daddawa da yaji, suka riƙe kilishin, wai nama ba ya shiga. Har yau ina zargin inda ya shiga.

A waje muka tarar da Hajiya Mariyama, matar da za ta sauke mu. 'Yar Damagaram ce, ta fi shekara talatin a Masar, mijinta ya rasu can, ta mayar da gidanta masaukin Hausawa masu zuwa magani. Gajera ce mai ƙiba, muryarta kamar ta mai shela. "Kun zo lahiya? Wanne ne marar lahiyar? Ke ko shi? Don ke kin hi shi kama da wadda ta wahala." Tun daga nan na san za mu shirya.

Gidanta a hawa na bakwai yake. Akwai lif, wani ɗan akwati mai ƙofar ƙarfe da ke kuka in yana hawa. Na shiga sau ɗaya na rantse ba zan ƙara ba. Kwana biyu ina hawan bene da ƙafa, rana ta uku gwiwoyina suka karya mini rantsuwa.

Mutanen can suna da abubuwan mamaki. Mace ba ta sauka sayen cefane. Kwando take ɗaura wa igiya ta zura ta taga, ta ƙwala wa mai kanti kira, ya zuba mata ta janye. Na ce da a unguwarmu ne, kafin kwandon ya kai hawa na biyu awaki sun gama da alayyahun. Gaisuwa kuma ba su da tsawonta. Ni na saba in tambayi gida da yara da gajiya da aiki, su kalma biyu sun wuce. Amma maza in sun haɗu sai su rungumi juna har da sumbatar kumatu. Ranar da maigadin gidan ya yi wa Nasiru haka, ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, ya ce, "Yaya, me na yi masa?" Tsallaka titi kuwa sai mai ƙarfin hali. Motoci ba sa tsayawa, shiga ake yi tsakaninsu. Hajiya takan kama ni da hannu ɗaya, ta ɗaga ɗayan, ta kutsa tana cewa, "Kar ki dubi mota, dubi direba."

Abincin safe wake ne da aka dafa ya yi lugub, da mai da gurasa. Wannan ban sha wahalarsa ba. Wanda ya ɗaure mini kai shi ne wani da suke haɗa shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da soyayyar albasa duk a kwano ɗaya. Na ce wa Hajiya a Daura in mace ta yi wa miji wannan, cewa za a yi ragowar tukwane ta tattara. Da na barbaɗa yajin Inna sai ga shi na cinye. Rana ta huɗu na yi miyar kuka da daddawata, maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko wani abu ya mutu a bututun ruwa.

Ranar ɗaukar hoto muka je asibiti da Hajiya, ita ce tafinta. Kafin komai wata ma'aikaciya ta zo da takardar tambayoyi. Akwai ƙarfe a jikinsa? An taɓa yi masa aiki? Mene ne sana'arsa? Da Hajiya ta ce walda, matar ta ajiye biro. Ta ce ƙarfe ya taɓa shiga idonsa? Nasiru ya yi dariya ya ce, "Wane mai walda ne bai taɓa ba?" Ashe na'urar, wadda suke kira MRI, maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske, in akwai ɗan ɓarɓashin ƙarfe a ido za ta iya motsa shi ta yi ɓarna. Aka fasa ranar, aka tura mu hoton ido. Na koma gida raina a ɓace. Washegari sakamako ya fito babu komai, aka ce mu zo.

Aka sa shi ya cire agogo da zobe, aka ba shi wata riga. Da aka zo kan layar Inna ya dube ni. Na ce, "Kawo in riƙe maka, ba a san abin da aka ɗinke a ciki ba." Na leƙa ta gilashi na ga na'urar, kamar katuwar randa a kwance, da gado mai shiga cikinta. Aka kwantar da shi, aka sa masa abin toshe kunne, gadon ya ja shi ciki har sai ƙafafunsa nake gani. Sai ƙara ta tashi, ƙwanƙwasa da gurnani kamar injin niƙa. Tsorona kada ya firgita ya ce muryoyin ne suka dawo. Fiye da rabin awa ina tsaye da laya a hannu. Da aka fito da shi sai na ga yana mutsuttsuke ido. Ya ce, "Barci na yi. Ƙarar kamar ina shago."

Bayan kwana biyu muka ga likitar ƙwaƙwalwa. Dattijuwa ce mai furfura a gefen ɗankwali. Ta kunna hotunan a kwamfuta ta juyo mana da ita. Na ga cikin kan ƙanena, fari da toka-toka, an yanka shi fai-fai. Ta yi bayani, Hajiya na fassarawa. Babu ƙari, babu tabon rauni, babu alamar jini ya taɓa zuba. Ta ce wannan babban labari ne, don akwai masu irin alamominsa da ƙari ne ke jawo musu.

Na ce, "Alhamdu lillahi. To wanne ne a cikin biyun?"

Ta ce hoton ba zai faɗa ba.

Na ɗauka Hajiya ce ta yi kuskuren fassara. Na sake tambaya da Turanci. Likitar ta amsa mini da Turanci a hankali. Ta ce gaskiya ne masana na wannan bincike. In aka tara hotunan mutane masu yawa na wannan ciwo, aka gwada da na masu wancan, akan ga ɗan bambanci tsakanin taron biyu. Amma a ɗauki hoton mutum ɗaya a ce ga ciwonsa, ba a kai nan ba tukuna, ko a Masar ko a ko'ina.

Abin da likitan Kano ya gaya mini ke nan, kalma da kalma. Na ce, "Ashe mun zo a banza."

Ta ce, "Ba ku tafi ba tukuna. Zauna." Ta juya ga Nasiru, ta shiga yi masa tambayoyi, shi da kansa, ba ni ba. Ta fi awa guda. A ƙarshe ta ce tambaya ɗaya ce ta fi nauyi: muryoyin nan, yana jin su ne kawai lokacin da ya hau sama ko ya faɗi ƙasa, ko har lokacin da yake zaune lafiya? Kuma tsakanin tashin ciwo da tashin ciwo, yana komawa yadda yake da?

Nasiru ya ce shi lokutan sun cakuɗe masa. Ni kuma ba gida ɗaya muke ba, in ciwo ya tashi ake kirana. Likitar ta ce, "Wa ke zaune da shi?"

Muka dubi juna. Nasiru ya sunkuyar da kai ya ce, "Zulai."

Zulai ba ta da waya a hannunta, sai ta mahaifinta. Na kira Alhaji Sale daga ofishin. Layi na yankewa, ka san Babban Mutum, wani lokaci sabis ɗin Nijar ne ke shigowa. Sai a kira na uku ya ɗauka. Na yi masa bayani. Ya ce, "Bari in kai mata. Sai mun fita bakin masussuka, can ya fi kamawa."

Da muryar Zulai ta fito, na sa a lasifika. Ta gaishe ni, ta ce, "Yaya, yana kusa?" Na ce ga shi. Likitar ta soma tambaya, Hajiya na juyawa, yarinyar nan ta shiga jero amsa kamar tana karantawa. Karo na farko ciwon ya tashi ana girbin gero, shekarar da ta haifi Aisha. Kwana goma sha ɗaya bai yi barcin kirki ba, bai kuma gaji ba. Muryar ta zo a kwana na biyar, ba kafin nan ba. Da ya faɗi ƙasa, wata biyu, ba ya cin abinci sai ta zauna gabansa. Daga nan ya tashi garau.

Likitar ta ce a tambaye ta, garau kamar yaya.

Zulai ta ce, "Kamar yadda na aure shi. Wata goma sha huɗu yana zuwa shago, yana wasa da yara, shi ya yi wa masallacin unguwa ƙofa. Ko sau ɗaya bai ce ya ji wata murya ba. Ni ina lura, ko kansa ya karkata kamar mai saurare ina gani." Ta kawo na biyu, ta kawo na uku, kowanne da watansa da abin da ya fara. Ta ce kullum barci ne ke fara guduwa, sai yawan waƙa in yana wanka, sai ya fara zana ƙofofi a bango.

Nasiru ya rufe fuska da hannu biyu. Ni kaina ban san ta riƙe duk wannan ba. Shekara huɗu muna kai shi asibiti, mu manya mu shiga wajen likita, ita a bar ta a benci da goyo.

Likitar ta gama rubutu ta ce abin da ta ji ya fi karkata ga baifola, kamar yadda likitan Kano ya gani. Ba ta ce ta yanke ba. Ta ce lokaci ne zai tabbatar, kuma likitan da ke ganinsa a kai a kai shi ya fi dacewa ya bi shi. Ta rubuta masa wasiƙa, da shawarar a sauya magani sannu a hankali, a riƙa gwada jini. Ta gargaɗi Nasiru kada ya ajiye ƙwaya ko ɗaya da kansa. Ta kuma ce duk ranar asibiti a shiga da matarsa.

Kafin mu taso Hajiya ta kai mu kasuwa. Nasiru ya tsaya wajen maƙera ya ƙi tafiya, yana kallon yadda suke lanƙwasa ƙarfe. Ya sayi gilashin walda, ya sayi mayafi ruwan toka, bai ce na wa ba, ni ma ban tambaya ba.

Da muka dawo na kai wasiƙar Kano da kaina. Likitan ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau. Na ce, "Likita, faɗi abin da za ka faɗa." Ya yi dariya ya ce babu komai, hoton ma ya yi amfani, kuma ya ji daɗin bayanin matar. Aka soma sauya magani. Wajen wata biyu rawar hannun ta ragu, ya karɓi makullinsa wajen Oga Emeka.

Sannan muka tafi Babban Mutum, ta Zango da Baure, damina ta sauka, gero ya kai gwiwa. Alhaji Sale ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Na buɗe baki zan yi bayani, Nasiru ya ce, "Yaya, bari ni in faɗa."

Ya gyara zama ya ce, "Baba, ciwon nan ba a cire shi. Zama ake yi da shi, kamar hawan jini. Ina shan magani, kuma ba zan daina ba. Zai iya sake tashi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma yanzu mun san yadda yake farawa. In na kwana biyu ban yi barci ba, na yarda Zulai ta kira Yaya a kai ni asibiti, ko ina so ko ba na so. Na faɗa a gabanka don ka zama shaida."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ranar da kuka bugo waya ina tsaye kusa da ita. Duk na ji. Ni na ɗauko ta don in hutar da ita, ashe tun da ta zo kwana take ƙirgawa." Ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya. "Ke Zulai! A kawo musu fura, ki shirya yaran nan."

Daga bayan labule ta ce, "Baba, a shirye suke."